Kacalla da Shinkafa: Darasin Sassan Tsiro a Fadamar Haɗejiya

Duk wanda ya ratsa fadamar kogin Haɗejiya ya nufi Nguru zai ga doguwar ciyawar nan, kacalla, ta toshe magudanan ruwa ta kuma cinye gonakin shinkafa. Domin mu fahimci yadda ta sami wannan rinjaye, sai mu duba sassan tsiro da aikin kowanne.

Saiwa ita ke kafa tsiro a ƙasa, ta tsotso ruwa da ma'adinai. Kara yana ɗauke da jijiyoyi iri biyu: masu haurar da ruwa sama, da masu rarraba abinci. Ganye kuwa shi ne madafa. A cikinsa akwai koren sinadari mai suna kulorofil, wanda ke kama hasken rana. Da ƙarfin hasken ne ganye ke haɗa ruwa da iskar kabon dayoksaid, wadda ke shiga ta ƙananan kafofi, ya samar da sukari, ya saki iskar oksijin. Wannan aiki shi masana ke kira fotosintesis.

Saiwa ma tana numfashi, alhali laka mai shan ruwa ba ta da isasshen oksijin. Shinkafa da kacalla duka suna da ramuka kamar soso a jikinsu, masu kai iska daga ganye zuwa saiwa. Sai dai kacalla ta fi da abu biyu. Tana da kara kwance cikin laka, inda take tara sitaci, daga nan kuma take sake tofowa kowace shekara. Sannan tsayinta kan kai mita 3, ta tare wa shinkafa haske.

A da, fadamar kan cika da damina, ta bushe da rani. Bayan kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya koma kwanciya shekara cur a wasu wurare, abin da kacalla ke so ke nan.

Ilimin da ya bayyana cutar shi ya nuna maganinta. Idan aka yanke kacalla a ƙarƙashin ruwa, iska ba za ta isa karan cikin laka ba, kuma babu ganyen da zai yi abinci. In aka maimaita, ajiyarta ta ƙare, sai ta ruɓe.

Muna kira ga malamai su kawo ganyen kacalla aji, su datse shi, ɗalibai su ga ramukan da idonsu.