Bayani ga Mai Niyyar Ziyartar Bagega da Ƙauyukan Yammacin Zamfara

Wannan bayani an tsara shi ne domin ma'aikatan da ake turawa aiki karkara, da fatake, da sauran jama'ar da wata hidima kan kai su ƙauyukan da ke cikin ƙananan hukumomin Anka, Bukkuyum da Gummi. An ɗauki garin Bagega a matsayin misali, kasancewar duk abin da baƙo zai tarar a yankin, na alheri da na hatsari, akwai shi a can.

Mai tasowa daga Gusau yakan bi hanyar Sakkwato har mararrabar Mayanci, sannan ya karya zuwa Anka. Daga Anka titin ya wuce Ɗaki Takwas ya nufi Gummi, amma Bagega tana kudu da Anka, cikin ƙasa mai tuddai da duwatsu da daji. Ba manyan tsaunuka ba ne irin na Mambila, sai dai sun isa su wahalar da mota, musamman da damina idan rafuka suka kawo ruwa.

Anka kuwa ba garin da za a wuce ba ne a guje. Nan ne mazaunin Mai Martaba Sarkin Zamfara, gadon sarautar da ta baro Birnin Zamfara bayan Gobirawa sun ci birnin a ƙarni na 18. Ladabi da hikima duka sun nuna ma'aikaci ya fara gabatar da kansa a sakatariyar ƙaramar hukuma, idan ya isa ƙauye kuma ya sauka wurin hakimi ko dagaci kafin ya tara jama'a. A da ana ɗaukar wannan a matsayin girmamawa kawai. Yanzu ya zama batun tsira da rai, domin su ne suka san hanyar da ke biyuwa a ranar. Jama'a ba su manta da harin watan Janairun 2022 ba, wanda ya ci rayuka masu yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Saboda haka a yi tafiya da rana, a nemi shawarar jami'an tsaro, kuma kada a ratsa daji don neman yanke.

Arzikin wannan ƙasa tun asali noma ne da kiwo. Rugagen Fulani ne ke ciyar da kasuwannin ƙauye da nono da man shanu. Akan tatsi madara da safe, a dafa ta, a zuba a ƙwarya ta kwana ta zama kindirmo. Idan aka burga shi aka kwashe mai, abin da ya rage shi ne nonon da ake dama fura da shi. Da damina, lokacin da ciyawa ta wadata, nono kan yi kauri ya yi araha. Da bazara sai ya tsinke, har wasu masu talla kan haɗa shi da ruwa da garin 'ya'yan kuka don ya auku. Wanda ya saba ba ya ɓata, da ɗanɗano ɗaya zai gane. Abin da ma'aikatan lafiya ke jaddadawa shi ne a guji shan ɗanyar madara da ba a dafa ba, domin tarin fuka na shanu yana kama mutum ta wannan hanya. Dole a faɗi gaskiya cewa satar shanu ta tayar da rugage da dama, kuma nonon da ke shigowa kasuwa bai kai na shekarun baya ba.

Dajin da ke ba shanu abinci shi ne kuma ke ba maƙera da masassaƙa itace. Da ƙirya ake sassaƙa turmi, ita ce kuma gawayin da maƙera suka fi so; marke kan tafi wajen azara da itacen girki; madaci da madobiya su ne na katako. Matsalar ita ce buhunan gawayin da ake lodawa zuwa birane sun fi ƙarfin abin da dajin ke iya mayarwa. Mai son sare itace ya nemi izini daga jami'in gandun daji na ƙaramar hukuma. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya kuwa, amfaninsu a tsaye ya fi na kwance, tunda daga gare su mata ke samun daddawa da man kaɗe da kuɗin cefane.

Abu mafi nauyi da baƙo zai sani game da Bagega shi ne gubar dalma. A shekarar 2010 aka gano cewa dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje yana ɗauke da dalma, kuma ƙurarsa ta hallaka yara aƙalla 400 a Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Sunke da 'Yargalma. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubban yara, amma aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa bai kai Bagega ba sai 2013. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a watan Afrilun 2019, ta kuma ɗage hanin a watan Disambar 2024. Ma'anar haka ita ce hatsarin na iya dawowa duk inda aka koma niƙa dutse a tsakar gida. Kada a shigo da dutsen ko tufafin aiki inda yara ke wasa, kada a daka hatsi a turmin da aka daka dutse, kuma a wanke hannu kafin cin abinci. Yaron da ya fara farfaɗiya ko yawan amai a garzaya da shi asibiti.

Wanda tafiyarsa ta zarce zuwa Gummi ya kula da Gulbin Zamfara. A watan Satumbar 2024 kwalekwale ya kife da manoma masu tsallakawa zuwa gonakinsu, aka rasa mutane da dama. Idan jirgi ya cika, a jira sawu na gaba.