Kuzar Da Ta Tono Nok, Ita Ta Kawo Jirgi Kafanchan

A ƙauyen Nok da ke Ƙaramar Hukumar Jaba, Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa tana da wani ɗan ƙaramin gidan tarihi. Abin da ke jawo baƙi can shi ne mutum-mutumin gasasshen yumɓu da suka haura shekara 2,000, waɗanda suka kai sunan ƙauyen duniya.

Masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da su a 1928. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan yumɓu da aka tono a yankin Jama'a, bayan an daɗe ana kafa shi a gonar doya don korar ɓarna. Daga nan bincike ya kankama, har aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952.

Sai dai kuzar tana da wani labarin, wanda ba a cika saka shi a akwatin gilashi ba. Don kwashe ta da kai gawayin Inugu ga ma'adinan Filato aka ƙara tsawon layin dogon da ya taso daga Fatakwal zuwa arewa, kuma a 1927 Kafanchan ta zama mahaɗa: reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya haura Jos. Ma'aikatan reluwe Inyamurai da Yarabawa, fatake Hausawa da 'yan mishan suka sauka a ƙasar Fantswam. Ba da jimawa ba fadar Sarkin Jama'a ta dawo garin.

Tambayar da ta riƙa tayar da ƙura a ƙarnin da ya biyo baya ita ce wa ke da ƙasa, wa ke da sarauta, wa ke da kasuwa. Rikicin Maris 1987 ya faro ne daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu zuwa Zariya da Funtuwa. Na Zangon Kataf a 1992 ya samo asali daga batun sauya wa kasuwa matsuguni, ya ƙare da hukuncin kisa a kan Manjo Janar Zamani Lekwot, wanda daga baya aka sassauta. Masarautun da aka yi wa Atyap da Bajju, da waɗanda Gwamna Ahmed Maƙarfi ya ƙara, amsa ce ga wannan tambaya.

Baje kolin irin wannan tarihi ya fi na yumɓu wuya, domin kan yumɓu ba ya da dangin da za su ce an ɓata masa suna. Amma kayan suna nan: tsohuwar tasha, gidajen ma'aikatan reluwe, rajistar makarantun mishan, rahotannin kwamitocin bincike, da hotunan Patrick Yakowa, ɗan yankin na farko da ya zama gwamnan Jihar Kaduna a 2010. Dattawan da suka yi aiki a tashar kuwa, kullum raguwa suke yi.