Buurtzorg: kamfanin Holan da ya bunƙasa ba tare da tara shugabanni ba

Mun saba in kamfani ya girma sai a naɗa shugaba, a kuma naɗa wani a kansa, har mai aikin ya rasa wa zai kai wa kuka. A ƙasar Holan akwai kamfanin da ya ƙi bin wannan hanya.

Sunansa Buurtzorg, wato jinya a cikin unguwa. Wani ma'aikacin jinya mai suna Jos de Blok ne ya kafa shi a garin Almelo a shekarar 2006, da ƴan abokan aiki ƙalilan. Abin da ya dame shi, a lokacin daga biro ake yanka wa masu jinya mintocin da za su yi a kowane gida. Tsoho ɗaya sai ya ga baƙin fuskoki barkatai, babu wanda ya san ciwonsa ciki da waje.

To yaya suke yi? Ana raba ma'aikata ƙungiya-ƙungiya, kowace ba ta wuce mutum 12, tana kula da marasa lafiya kamar 50 zuwa 60 a unguwa guda. Su ke ɗaukar sabon abokin aiki, su ke raba kwanakin aiki da na hutu, su ke tuntuɓar likita da dangin mara lafiya. In aiki ya yi yawa, ba a kawo musu shugaba. Ƙungiyar ce ke rabuwa biyu, kamar yadda gida ke raba tukunya in iyali sun yawaita. Da haka suka haura ma'aikata dubu 10, alhali babban biron nasu bai fi mutum 50 ba, masu riƙe da albashi da takardu.

Amma fa akwai nauyi. Ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi in aiki ya ɓaci. In gardama ta tashi, akwai masu ba da shawara da ake kira, sai dai ba su yanke hukunci. Dole ƴan ƙungiya su zauna har su daidaita. Lissafin aikin kowace ƙungiya kuma yana nan a intanet ɗin kamfanin, sauran na gani.

Mutanen Maradi ba baƙo ba ne gare su: asusun Mata Masu Dubara, da ya fara nan a 1991, shi ma da ƙananan ƙungiyoyi masu riƙe kansu ya yaɗu. Mai sana'ar da yaransa suka yi yawa, kafin ya nemo mai sa musu ido, ya duba ko raba su da danƙa musu amana zai fi.