Kwance Notin Sifirin da Tsatsa ta Ci

Duk wanda ya leƙa garejin bakin titi a Badawa bayan damina zai ga yadda notin sifirin ɗin akori-kura kan gagari sifana. Dalili kuwa shi ne, tsatsa takan kumbura fiye da ƙarfen da ta ci, sai ta cike tsakanin haƙoran noti ta liƙe su. Gwanin bakanike ba ya gaggawa. Bayan ya tokare motar, yakan kankare tsatsar, ya ɗiga man birki ko kananzir, ya bar shi ya kwana, sa'an nan ya bubbuga da guduma. In noti ya ƙi, sai a goge man, mai walda ya gasa shi don ya buɗe. Amma ba a bari wutar ta taɓa sifirin, domin zafi yana kashe ƙarfinsa.