Sabuwar Mota Mai Ciwon Ɓoye

Bismillahi. Ga abin da ya same mu.

Mun sayi sabuwar a-kori-kura mai shan gas don kai hatsi Dawanau. Yau ta yi gudu lafiya lau, gobe ƙarfinta ya faɗi a hanya, fitilar inji ta kama. In an kashe an tayar, sai ta warke. Sau biyu muka mayar wa masu ita, ta ƙi yin ciwon a gabansu. Ran da ta tsaya da buhu 10 na gero, kafin mu iso farashi ya karye.

To, sai muka soma rubutawa: rana, sa'a, nauyin kaya, inda aka sha mai. Takarda ta nuna ciwon yana biyo bayan man jarka. Kwamfutarsu ta ce mai ba ya isa da ƙarfi. Aka tsiyaye filta, sai ga ruwa da datti. Aka sake ta, aka wanke tanki, alhamdu lillahi.

Nasiharmu: a sha mai a amintaccen gida, a riƙe rasit. Kada bakaniken bakin titi ya kwance famfo ko nozul, garanti na iya ɓaci.

Allah ya tsare dukiya. Haza wasalam.