Shirin haihuwa tun ciki yana wata bakwai

Yau maganarmu a kan mace ce wadda cikinta ya kai wata 7 ko 8. Ke mai ciki, matso kusa. Kai ma maigida kada ka tashi, rabin maganar taka ce.

Ƴar uwa, ina karnenki na awo? Ɗauko shi ki duba, tun da yanzu kin iya karatu. Sau nawa aka rubuta kin je? Da can awo 4 ake cewa. A shekara ta 2016 hukumar lafiya ta duniya ta ce ya kamata a kai 8, kuma mafi yawansu a watannin ƙarshe suke, don a nan ne wahala take fitowa. A wurin awo sajfam za ta auna ƙarfin jininki. Za ta taɓa cikin, ta gane ko kan yaro yana ƙasa ko kuwa ya gicciye. Za ta ba ki ƙwayoyin ƙarin jini na sha kullum, da maganin massassarar sauro da ake haɗiyewa a gabanta wata-wata, da allurar da ke tsare ki da jaririnki daga ciwon sandarewa. Ki riƙa kwana cikin sange kowane dare, damina da rani.

Wasu mata suna rage cin abinci wai kada yaro ya yi girma ya ƙi fita. Wannan kuskure ne. Mace marar jini ita ce naƙuda take kadawa. Ki ci tuwon hatsi da miyar ganye, da wake, da gujiya, da zogale, da nono. In Allah ya hore ƙwai ko nama ko kifi, ki ci. Daka da ɗaukar itace da jan guga kuwa, a rage miki su.

To maigida, ga naka. Tambaya ta fari: ina za ta haihu? Ku yanke wannan shawara yau, kai da ita da tsohuwarka. Ta biyu: da me za a kai ta? Wanda ke Gazawa ko Agye ko Gidan Rumji yana bakin babbar hanya. Amma wanda ke ƙauyukan Gangara ko Cadakori ko Gidan Sori ya san yadda rairayi yake riƙe ƙafar mota, ya kuma san yadda gulbi yake raba shi da likita in ruwa ya sauka. Ka yi magana da mai amalanke ko mai mota tun yanzu. Ka rubuta lambar talho ta likitar da ke kusa da ku a bangon karnen awo. In garinku yana da nisa ƙwarai, ka kai ta wajen dangi kusa da likita tun watan haihuwa bai kama ba.

Sai kuɗi. A 2005 gwamnatin Nijar ta ce aikin fidda yaro ta ciki kyauta ne. A 2006 ta ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. A 2024 ta ce haihuwa a likitar gwamnati ma kyauta ce. Duk da haka esansi ba kyauta ba ne, abincin mai jinya ba kyauta ba ne, kuma wani lokaci magani yakan ƙare a ce a sayo. Kana tanadin ragon suna, mun sani. Ka ware ƴan jikuna daban, kada ka taɓa su. Ka kuma nemi mutum biyu cikin dangi da suka yarda su ba da jini in an bukata.

Ke kuma ki haɗa kaya wuri guda: zannuwa wankakku, da sabuni, da hula da riga ta jariri, da fitila, da karne.

Yanzu ku buɗe kunne sosai. Akwai alamun da ba a jiran gari ya waye a kansu. Jini ya zubo, ko kaɗan ne. Ciwon kai mai tsanani, ido yana ganin dishi-dishi, fuska da hannuwa sun kumbura. Jijjiga. Zazzaɓi. Faya ta fashe amma naƙuda ba ta zo ba. Yaro ya daina motsi. Hannu ko cibiya ta rigayi kai fitowa. Jijjigar mai ciki ba iskoki ba ne, hawan jini ne, kuma akwai allurarta a likita. Kada a tsaya turare, a ɗauke ta.

Ga wadda ta fi ba mu tsoro: doguwar naƙuda. In rana ta fito ta faɗi mace tana durƙushe, an wuce iyaka. Kan yaro yana danne mafitsara har nama ya mutu, bayan haihuwa fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa. Yankan gishiri ba ya buɗe hanya, shi ma yoyon yake kawowa. A Danja, kusa da Maradi, an buɗe likitar ɗinkin yoyon fitsari a 2012, kuma mata da yawa sun warke can. Amma wa zai so ɗiyarsa ta kai ga haka? Mai cikin fari ita ce ta fi shiga wannan hatsari, don ƙugunta bai gama ƙosawa ba, ga kuma kunya. Tana jin ciwo ta yi shiru. Iyaye mata, in ɗiyarku ta zo goyon ciki, ku sa mata ido, kada ku jira ta faɗa da bakinta. Ungozomar gari kuwa, aikinta mafi kyau yau shi ne ta raka mace likita da wuri. In abin ya fi ƙarfin ƙaramar likita, za a tura ta babba, har Maradi in ta kama.

Yaro ya faɗo, alhamdu lillahi. A goge shi da busasshen zane, a ɗora shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a rufe su. Wanka ya jira sai gobe, don sanyi yana kashe jariri. A ba shi mama cikin awa ta fari. Dakashi, wannan nono mai kauri da ake matsewa a zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Kada a ba shi ruwa ko jiƙo ko nonon akuya. Mama kaɗai har wata 6, ko a tsakiyar bazara. Cibiya kuma kada a sa mata toka ko man shanu ko kashin dabba, sai maganin da sajfam ta bayar.

Maganar jego ba za ta yi wa tsofaffinmu daɗi ba, amma dole mu yi ta. A shekarun 1970 likitocin Zariya sun lura da mata masu jego da yawa da zuciyarsu take kasawa, jiki ya kumbura, numfashi ya yi wuya. Sun danganta abin da yawan kunun kanwa da tsananin zafin ruwan wanka da kwana kan gadon wuta. A yi wanka da ruwa mai ɗumi. A rage kanwa, a ƙara abinci. Mai jego da ke haki ko jininta ya ƙi tsayawa, a mai da ita likita.

Kafin ku bar likita, a yi wa yaro allurar tarin fuka, a ɗiga masa maganin shan inna. Maigida, ka ba da sunansa a rubuta masa takardar haihuwa. Dokar 2019 ta ba ka kwana 60. In ka wuce su, sai ka bi ta wajen alƙali, kuma ranar da yaron zai yi jarrabawar lakkol za a tambaye ka ita.