Isma'ila Mabo: Ɗan Bayan Da Ya Kai 'Yan Matan Nijeriya Gaban Duniya

A filin ƙwallon ƙafa, mai jefa ƙwallo a raga shi ake ɗauka a kafaɗa, shi mawaƙa ke wasawa. Ɗan baya kuwa, wanda ya yini yana tare hanya, ba a cika tuna shi ba sai ran da ya yi kuskure. Amma duk wanda ya san tamaular ƙasar nan tun bayan samun mulkin kai, ya san akwai 'yan bayan da sunansu ya ƙi ɓacewa. Marigayi Isma'ila Mabo na Jos yana cikinsu.

An haife shi a Jos ran 15 ga Yuli, 1944. A zamanin nan haƙar kuza ta tara Hausawa da Ibo da Yarabawa da sauran kabilu a garin, suna zaune tare da 'yan ƙasa. 'Ya'yansu suka tashi suna buga ƙwallo a fili ɗaya, ba ruwan kowa da asalin wani. Wannan cuɗanya ce ta sa Jos ta zama matattarar gwanayen 'yan wasa.

Tun yana ɗalibi aka ga alamarsa. A tsakiyar shekarun 1960 aka zaɓe shi cikin ƙungiyar 'yan makarantun Nijeriya, tare da su Sam Garba Okoye da Peter Anieke da Tony Igwe. Samarin nan suka je har Ankara suka ci takwarorinsu na Gana, a lokacin da Gana ke riƙe da kambin Afirka, kowa yana shakkarta.

Da Alhaji Isiyaku Ibrahim ya kafa ƙungiyar Mighty Jets a Jos, sai Mabo ya zama ginshiƙin bayanta. Aikin ɗan baya na tsakiya ba ƙarfin ƙafa kaɗai yake so ba. Sai ya karanci inda ƙwallo za ta faɗa tun ba a bugo ta ba, ya tsara abokansa, ya kuma iya riƙe zuciyarsa in wasa ya yi zafi. Da irin wannan natsuwa Mighty Jets ta ci gasar lig ta ƙasa a 1972, shekarar da aka fara ta. Shi kansa kuma ya sa rigar ƙungiyar ƙasa, wadda a lokacin ake kira Green Eagles.

Sai dai kowane gwani da abin da ya gagare shi. Kofin Ƙalubale ya ƙi zuwa Jos. A wasan ƙarshe na 1972 a Ikko, Mighty Jets ta yi kunnen doki, biyu da biyu, da ƙungiyar Binin wadda aka fi sani da Bendel Insurance. Aka sake karawa a Badun, aka ci Jets uku da biyu. Mutanen Jos suka yi ta jira har 1999, sa'ad da Plateau United ta kawo musu kofin.

Bayan ya rataye takalmi sai ya koma koyarwa, kuma a nan ne ya yi aikin da ya fi ɗaukaka sunansa. Aka ba shi horon ƙungiyar mata ta ƙasa, wato Super Falcons, a zamanin da mutane da yawa ke ganin ƙwallon mata wasan yara ne. Ya ci Kofin Afirka da su a 1998, a nan gida Nijeriya.

A 1999 ya kai su Amurka gasar Kofin Duniya. Suka ci Koriya ta Arewa biyu da ɗaya. Masu masauki suka lallasa su bakwai da ɗaya a Cikago, ko da yake Nijeriya ce ta fara ci. Wata ƙungiyar da gwiwarta ta yi sanyi ke nan, amma su Mercy Akide da Florence Omagbemi suka tashi suka ci Danmak biyu ba ko ɗaya, suka shiga sahun takwas na ƙarshe.

Karonsu da Birazil har yau ana labarinsa. Kafin a tafi hutu an zura wa Nijeriya uku. Da aka dawo, Prisca Emeafu da Nkiru Okosieme da Nkechi Egbe suka rama ukun duka. Aka shiga ƙarin lokaci, bisa dokar wanda ya fara ci shi ke da wasa, sai Sissi ta Birazil ta jefa bugun tazara a raga. An fitar da su, amma har gasar 2023 babu wata ƙungiyar mata ta Afirka da ta sake kai wannan matsayi. Mabo ya kuma jagorance su zuwa wasannin Olamfik na Sidni a 2000, da na Atina a 2004, inda Jamus ta tsayar da su a sahun takwas da ci biyu da ɗaya.

Allah ya yi masa rasuwa a Jos ran 13 ga Maris, 2023, yana da shekara 78.

To, yanzu magana ta rage ga Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya da ke Abuja, da gwamnatocin jihohi. Mabo da tsararrakinsa daga gasar makarantu suka fito. In ana son a sake samun irinsu, sai a raya wasannin makarantu, a gyara filayen unguwanni, a kuma kula da tsofaffin 'yan wasa tun suna da rai. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.